Ranar da Saje Ya Sa Takalmi

A ofis suna kiranta Ba-sani, wato ba sani ba sabo, kuma ba da wasa ta samu sunan ba. Tana aiki ne a hukumar da gwamnati ta kafa don sa ido a kan 'yan sanda. Ita ke karɓar koken mutane, ta bi diddigi har sai ta ga ƙarshensa. Ta taɓa sa an cire wa wani sufeto anini saboda ya karɓi kuɗin beli, alhali matarsa ƙawarta ce tun suna makaranta. A gida kuwa babu mai kiranta haka. A can Auta ce, kuma tana nan a Autarta duk da ta haifi nata 'ya'yan.

Wata safiya wata mata ta shigo ofishinta riƙe da kular abinci. Ta zauna a bakin kujera kamar mai tsoron kada a ce ta cinye wuri, ta ɗora kular a cinya ta rungume.

"Mijina mai gyaran firji ne, ranki ya daɗe," in ji matar. "Wani ya kawo masa firji ya ce ba ya sanyi. Bai ma gama kwance shi ba sai ga 'yan sanda, wai na sata ne. Suka ɗora firjin a mota, suka ɗora mijina a gefensa."

"Yaushe ke nan?"

"Yau ya fi mako."

"An kai shi kotu?"

"Ina! Ko sunansa ba su rubuta ba. Sun ce ba sai an ɓata takarda ba, in kawo abin da za a sallame shi kawai. Na sayar da keken ɗinkina na haɗa musu. Ina hanyar kaiwa ke nan maƙwabciyata ta ce in biyo ta nan tukuna."

Irin wannan ƙara ce Ba-sani ta fi so. Mutumin da aka tsare ba a rubuta shi ba, in aka same shi a kulle a ɗakin tsare mutane, babu ƙaryar da za ta rufe zancen. Ba a buƙatar shaida, shi kansa ne shaidar.

"Kada ki ba su ko sisi," ta ce da matar. "Beli kyauta ne, balle wanda ba a ma tuhuma da komai ba. Ki ci gaba da kai masa abinci kamar kullum, kada ki nuna wa kowa kin zo nan. Ni da kaina zan fito miki da mijinki."

"Allah ya sa, ranki ya daɗe."

"Ba Allah ya sa ba ne kawai, 'yar'uwa, na yi miki alkawari. Wane ofishi ne?"

"Na bayan tashar mota."

Biron da ke hannun Ba-sani ya tsaya. Ofishin bayan tasha nan aka mayar da yayanta watannin baya, kuma shi ne sajen da ke zama a kanta, wato teburin karɓar ƙara. Dokar hukumarsu a fili take: in kana da ɗan'uwa a inda za a bincika, ka faɗa, ka janye hannunka. Da ta miƙe a lokacin ta kai wa wani abokin aikinta zancen, da labarin ya ƙare a nan. Amma ta riga ta yi alkawari da babbar murya, kuma mai suna Ba-sani ba ta ga abin da ɗan'uwa zai hana ta yi ba. Ta ci gaba da rubutu.

Darakta ya amince a kai ziyarar ba-zata jibi da safe. Tsarinsu mai tsauri ne. Ba a gaya wa ma'aikata inda za su sai an shiga mota, kuma kafin a shiga kowa zai jefa wayarsa cikin wani kwando a teburin sakatariya. Direba ma sai an hau titi ake ce masa yi dama, yi hagu. Waɗanda suka san inda aka nufa su biyu ne kacal, Darakta da mai ƙarar a hannu.

Ana gobe za a tafi, ta biya gidan Inna da yamma don ta kai mata magani. Ta tarar da yayan nata a tsakar gida ya dawo daga aiki, ya zube a kujerar roba, rigar aikin a buɗe har cibiya, ƙafafunsa a cikin wasu tsofaffin silifas da suka san siffar ƙafarsa fiye da shi kansa.

Dole a faɗi gaskiya game da Saje. Ba mugu ba ne, ba kuma waliyyi ba. In an raba ya karɓi nasa, in ba a raba ba bai tambaya. Ciwon suga ya kumbura masa ƙafafu shekaru da yawa, takalmin aiki ya zama masa azaba, don haka da silifas yake zama a bayan teburin kanta inda ba mai ganin ƙafa. An taɓa kama shi a haka, har an ba shi gargaɗi na ƙarshe, ga shi ritaya ta kusa. Kuma shi ne ya bar makaranta ya shiga ɗan sanda lokacin da mahaifinsu ya rasu, don ita Auta ta yi karatu. Bai taɓa yi mata gori ba ko sau ɗaya, wanda hakan ya fi gorin nauyi.

"Auta, manyan gwamnati!" ya ce da ita yana dariya. "Yau wa kika kora?"

"Kai nake hari, Yaya, ka ci gaba da zama da riga a buɗe."

"Ki kore ni mana, in dawo gidanki ki ciyar da ni."

Suka yi dariya, Inna ta sa baki ta ce su bar mata wannan mugun fatan. Ba-sani ta zauna tana lissafa wa Inna yadda za ta sha maganin, amma idonta na kan silifas ɗin nan. Ta san Darakta. Mutum ne da ke fara kallon ƙafar ɗan sanda kafin fuskarsa. Gobe zai zagaya bayan kanta, ya ga yatsun Yaya a waje, ya rubuta. Za a sallami Yaya a kan silifas, bayan duk shekarun nan, kuma ƙanwarsa tana tsaye tana kallo.

Ta yi sallama, ta kai bakin ƙofa, ta dawo. Ta ce wa kanta ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba za ta ambaci ziyara ba, ba za ta ambaci mai gyaran firji ba. Ƙanwa ce kawai take yi wa yayanta faɗan tsafta.

"Yaya."

"Na'am."

"Gobe ka sa takalmi."

Ya ɗago ya dube ta. Dariyar ta bar fuskarsa a hankali. Bai tambaye ta komai ba, ita ma ba ta ƙara ba.

"To, Auta," ya ce.

Washegari ta jefa wayarta cikin kwando kamar kowa, har tana tsokanar wani da ya yi jinkirin jefa tasa. Motarsu ta ratsa ta cikin tasha, ta karya kwana, ta tsaya a gaban ofishin. A tsallaken titi, gindin wata bishiya kusa da mai sayar da kati, Ba-sani ta hango matar mai gyaran firji tsaye da kularta.

Tun daga bakin ƙofa hancinta ya gaya mata an samu matsala. Wurin na ƙamshin sabulu. Siminti bai gama bushewa ba, an share yanar gizo-gizo, an cire tsummokaran da aka saba shanyawa a taga. Duk wanda ya taɓa shiga ofishin 'yan sanda ya san ba haka yake wari ba. A bayan kanta kuwa ga Saje tsaye cak, riga a goge, maɓallai har wuya, hula a ka, ƙafafunsa cikin baƙin takalmi mai sheƙi. Ya sara musu bai ko kalli inda take ba.

Oga mai ofishin ya fito da fara'arsa, ƙaton mutum mai taushin murya. Ya ce ai sun yi farin ciki, da ma kullum yana cewa a riƙa zuwa ana duba su. Shi da kansa ya ja su zuwa ɗakin tsare mutane. Mutum biyu ne a ciki, kowanne an rubuta sunansa da laifinsa da lokacin da aka kawo shi, har da tabarma sabuwa a ƙasa. Ba-sani ta leƙa ɗakin ajiya, ta leƙa ban-ɗaki, ta zagaya bayan gini inda aka jibge babura. Babu mai gyaran firji.

"Muna neman wani mutum da aka kama a kan firji," in ji Darakta.

"Af, wannan!" Oga ya tafa hannu. "Ai kun yi saɓani. Jiya da yamma muka kamo shi, yau da sassafe aka wuce da shi kotu. Mu nan ba ma barin mutum ya wuce kwana ɗaya, yallaɓai. Haɗa baki da masu fasa shaguna, da karɓar kayan sata. Babban laifi ne, ban jin za a ba da belinsa."

Ya kawo littafin, ga shi nan a rubuce, tawada ko bushewa ba ta gama yi ba. Amma rubutu rubutu ne. Darakta ya juya shafi gaba, ya juya baya, muƙamuƙinsa na motsi.

Oga ya shigar da su ofishinsa ya ce sai sun sha ruwa. Ya buɗe wani firji a kusurwa ya fito da robobin ruwa masu raɓa.

"Shi ne kayan shaidar," ya ce. "Mun jona shi ne don kada ya lalace."

Ba-sani ta karɓi robar don babu yadda za ta yi. Sanyin ya ratsa tafin hannunta. Firjin da aka kawo ba ya sanyi, yanzu har ƙanƙara yake yi, kuma ba sai an gaya mata wanda ya gyara shi ba, ko a ina.

Da za su fita, Oga ya rako su har kanta. Ya tsaya ya dafa kafaɗar Saje, amma Ba-sani yake kallo.

"Kun ga sajenmu? Yau kamar ango. Allah ya bar zumunci, ranki ya daɗe."

Darakta bai fahimci komai ba, ya riga ya yi gaba. Ita kuwa ta fahimta sarai.

Ba ta tsallaka titi ba. Daga cikin mota ta ga matar ta matso bakin kwalta tana leƙen ƙofar ofishin, tana jiran mijinta ya fito a bayansu. Ba-sani ta sunkuyar da kai tana neman abin da bai ɓata ba a cikin jakarta har motar ta wuce.

A ofis Darakta ya rufe ƙofa ya yi ta faɗa. Ya ce wani ya tsegunta musu, ko makaho ya shafa simintin nan ya san an shirya. Ya ce zai gano ko wane ne, ko da sakatariyarsa ce, ko direba.

"Ke kina zargin wani?" ya tambaye ta.

"A'a, yallaɓai."

"To, a takarda dai ba su da laifi. Maganar matar nan ce da tasu, kuma mutumin yanzu yana hannun alƙali, ya fita daga hurumin da muke da shi. Sai in wani daga cikinsu zai tsaya ya ce mutumin ya fi mako a wurinsu. Kin taɓa ganin ɗan sandan da ya yi haka?"

Ba ta taɓa gani ba. Kafin a tashi aiki labari ya zo cewa alƙali ya tura mai gyaran firji gidan yari, a ajiye shi har ranar da za a sake zama, wadda ba a sa ba.

Da ta isa gidan Inna da la'asar, ta samu Saje zaune ya tsoma ƙafafunsa cikin baho na ruwan ɗumi da gishiri. Takalmin na gefe. Dugadugansa sun saɓule, wani wurin har jini. Inna ta shiga maƙwabta, don haka Ba-sani ba ta rage murya ba.

"Yaya, me ka gaya musu?"

"Ban gaya wa kowa komai ba."

"Kada ka yi min haka!"

"Wallahi tallahi, Auta, ko tari ban yi ba. Kin ce in sa takalmi, na sa takalmi." Ya gyara zama yana cije leɓe. "Na shiga da asuba ina ɗingishi. Kofur ya gan ni ya fashe da dariya, ya kira saura su zo su ga abin mamaki. Ana cikin haka Oga ya shigo. Ya kalli ƙafata, ya kalli fuskata, ya sake kallon ƙafata. Sai ya ce, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ya ce Saje, ƙanwar nan taka har yanzu tana hukumar? Ban amsa ba. Bai ma jira amsa ba, ya ce a kawo ruwa da tsintsiya."

Ba-sani ta nemi wuri ta zauna a kan turmi. Duk tsarin kwando da karɓe wayoyi da yi dama yi hagu, ashe takalmi ɗaya ya ishe su. Shekara da shekaru mutanen nan ba su ga Saje da takalmi ba, kuma babu wanda bai san inda ƙanwarsa take aiki ba, domin shi da bakinsa yake cika musu kunne da ita. Da ta tsaya ta yi tunani na minti ɗaya da ta hango wannan. Ba ta yi ba, domin ƙafar yayanta kawai take gani.

"Mutumin fa?" ta ce. "Me ya sa ba su sake shi ba kawai, tunda sun san muna zuwa?"

"A sake shi ya fita ya haɗu da ku a ƙofa? Wanda aka saki yana da baki. Wanda aka kai kotu kuwa ɓarawo ne, duk abin da ya faɗa maganar ɓarawo ce. Haka ake yi." Ya motsa ƙafarsa cikin ruwan. "Da matar ta kawo abin da aka ce, da tun shekaranjiya yana gida. Mutumin kirki ne, Auta. Ni nake miƙa masa abincinsa. Har fankar kanta ya gyara mana."

Wannan ce maganar da ta fi yi mata ciwo, kuma ba don ya ji mata ciwo ya faɗa ba. Ita ta hana matar biya. Ita ta sa aka mayar da 'yar tatsar kuɗi ta zama babban laifi. Ba Oga ne kaɗai ya kai mutumin nan gidan yari ba, da hannunta a ciki dumu-dumu.

"Yanzu mene ne abin yi?"

Saje ya amsa yana kallon ruwan bahon.

"Oga ya ba ni saƙo. Mai gabatar da ƙara namu ne. In aka ce masa babu hujja, zai gaya wa alƙali babu hujja, a sallami mutum. Amma sai matar ta janye koken da ta kai muku. Sannan ta kawo abin da aka ce tun farko, da ɗan ƙari, don yanzu bakuna sun yi yawa."

"Ta kawo wa wa?"

"Ya ce shi ba ya karɓar komai daga hannun mai kai ƙara." Saje ya ƙi ɗagowa. "Ya ce sai dai ta hannunki."

Ta gane lissafin nan take. Ba kuɗin ne ya dami Oga ba. So yake ya ɗaure ta da igiyar da ba za ta kwance ba, ta yadda duk ranar da ta ji sunan ofishin bayan tasha za ta kau da kai.

"In na je na gaya wa Darakta gaskiya fa? Ka tsaya ka faɗi kwanakin da ya yi a wurinku?"

"In kin ce in tsaya, zan tsaya," ya ce a hankali. "Ba zan ƙi ki ba. Za su kore ni, ke ma su kore ki, wannan ba komai. Amma kin fi ni sanin yadda bincikenku yake tafiya. Kafin a kafa kwamiti, a zauna, a ɗage, mutumin nan ya shekara a ciki."

Da ya yi mata gardama, ko ya tuna mata abin da ya yi mata a rayuwa, da ta samu abin riƙewa ta yi fushi. Bai ba ta wannan ba. Ya ɗaga ƙafa ɗaya daga ruwan yana dubawa, sai ga Inna ta shigo tana murna, wai ta ji an zo bincike kuma ɗanta ya fita lafiya, Allah ya yi wa duk mai hannu a ciki albarka.

Da safe Ba-sani ta tsaya a ƙofar Darakta. Ta tsara maganar tun a hanya, daga farko har ƙarshe. Ta ƙwanƙwasa, ya ce shigo. Yana cikin waya yana yi wa wani tsawa a kan direban, wai a dakatar da shi daga fita aiki har a gama bincike. Ya rufe bakin wayar da hannu ya dube ta.

"Mene ne?"

"Yallaɓai, da ma... fankar ofishina ce take ƙara."

"Ki gaya wa sakatariya."

Ta fito. Ta gaya wa kanta cewa don mutumin ta yi, hanyar Oga ta fi sauri, kowace rana a gidan yari shekara ce. Kuma gaskiya ne, ta fi sauri. Abin da ya hana ta sakat shi ne hanyar da ta fi sauri ga mai gyaran firji ita ce kuma wadda ta bar mata kujerarta, ta bar wa Yaya fanshonsa. Ta yi ta auna zuciyarta ta ga wanne ne ya rinjaye ta, ba ta samu amsar da za ta iya kwana da ita ba.

Ba ta yarda su haɗu da matar a ofis ba. Ta kira ta zuwa wani shagon shayi a bayan asibiti, inda ba wanda ya san ta. Matar ta zo, wannan karon babu kula, idanunta sun kumbura. Ba ta yi ƙorafi ba, ba ta ce ina alkawari ba. Ta gaishe ta da ladabi ta zauna.

"An kai shi gidan yari, ranki ya daɗe. Na je jiya, sun aske masa kai."

"Na sani."

"Sun ce wai shi ne shugaban ɓarayin. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa."

Ba-sani ta juya kofin da ke gabanta. Ta sha zaunar da manyan jami'ai tana yi musu tambaya har su yi gumi, amma yau harshenta ya yi nauyi.

"Akwai hanya," ta ce. "Kuɗin keken nan, suna nan?"

Matar ta ɗago ta dube ta.

"Suna nan. Kin ce kada in ba su ko sisi."

"Na ce. Yanzu abin ya canja. Za ki zo ofis ki ce kin janye kokenki, kin yi kuskuren kwanaki. Sannan ki kawo kuɗin."

"In kai wa Oga?"

"Ki kawo min."

Ba-sani ta jira zagi, ko kuka, ko tambaya, har ta ƙagu a zage ta. Amma abin da ta gani a fuskar matar ya fi zagi muni. Sauƙi ta gani, irin na wanda ya daɗe yana yawo a baƙon gari sai ya hango layin da ya sani.

"To, alhamdu lillahi," in ji matar. "Nawa ne ƙarin?"

Ƙarin Ba-sani ce ta cika daga aljihunta, ba ta gaya wa kowa ba, kuma bai rage mata komai a zuciya ba. Ta sa kuɗin cikin ledar magani ta ba Saje a tsakar gidan Inna. Ya karɓa bai buɗe ba, ba su haɗa ido ba. Matar ta zo ofis ta janye kokenta a gaban Darakta, shi kuwa ya girgiza kai ya ce ga irinta nan, mutane su ɗaga hankalin hukuma da ƙarya sannan su zame. Ba-sani na tsaye a gefensa lokacin da ya faɗa.

Oga mutum ne mai cika alkawari, a irin nasa. Cikin 'yan kwanaki mai gabatar da ƙara ya tashi a gaban alƙali ya ce bincike ya nuna babu hujja. Aka sallami mai gyaran firji.

Ba-sani ba ta yi niyyar zuwa ba, amma ƙafarta ta kai ta. Ta tsaya daga nesa a harabar kotun, bayan wata mota, don kawai ta gan shi ya fito da idonta. Siririn mutum ne, kansa a aske ƙwal, rigar da aka kama shi da ita ta yi masa yawa. Yana tafe yana ƙifta ido saboda rana. Ta juya za ta tafi ke nan matar ta hango ta.

"Ranki ya daɗe! Ranki ya daɗe!" Ta jawo hannun mijin suka ƙaraso. "Ga ta nan, ita ce matar da nake gaya maka."

Mutumin ya rusuna har ƙasa. Ba-sani ta ce ya tashi, don Allah ya tashi, amma ya ƙi.

"Ni abu ɗaya ne kawai ya tsaya min a rai," in ji matar, tana gyara mayafinta, babu ko ɗigon fushi a muryarta. "Da tun ranar farko kin faɗa min ke ce mai karɓar musu, ai da a teburinki zan ajiye, da bai kwana gidan yari ba. Amma ba komai, kowane aiki da yadda ake yin sa. Yanzu na gane hanya. Akwai wata a layinmu, ɗanta na hannunsu tun makon jiya, na ce mata ta kwantar da hankalinta, zan kawo ta wurinki."

Ba-sani ta buɗe baki za ta ce ba haka ba ne. Ta nemi ta inda za ta fara, ta rasa, domin duk abin da matar ta gani da idonta haka ne. Kafin ta samo kalma, mai gyaran firji ya ɗaga hannuwansa sama daga inda yake durƙushe.

"Allah ya saka miki da irin abin da kika yi mana," ya ce. "Allah ya yi wa 'ya'yanki yadda kika yi min."

Matar ta shafa, ta juyo tana jiran ta. Masu wucewa ma biyu sun tsaya sun ɗaga hannu. Ba-sani ta ɗaga nata hannuwan, ta ce amin.